Yadda Ake Haɗa Gishirin Wanka Mai Ƙamshi Don Rabon Biki

Gishirin wanka yana cikin kayan rabon da suka fi sauƙin haɗawa. Babu dafawa, babu narkarwa, kuma mutum biyu za su iya cika kwalba ɗari a yini guda. Sai dai sauƙin nan shi ke yaudarar mutane. Abin da ya fito fes ranar da aka haɗa shi, bayan mako uku sai a buɗe kwali a tarar ya dunƙule ya ƙi zubowa, ko ruwa ya kwanta a gindin kwalba, ko ƙamshin ya gudu. Kusan duk wannan ɓarnar daga abu biyu take fitowa: danshi, da zuba man ƙamshi da ka ba tare da awo ba.

Irin gishirin da za a saya

Ginshiƙin haɗin shi ne gishirin Epsom. Sunan wani gari ne a Ingila inda aka fara samunsa a ruwan wata maɓuɓɓuga, kuma ba gishirin miya ba ne: sinadarin magniziyam salfet ne, ɗaci gare shi. Ƙwayoyinsa garau suke kamar gilashi, yana narkewa da wuri a ruwan ɗumi, yana kuma karɓar launi da kyau. Abin da ya kamata a sani game da shi shi ne, kusan rabin nauyinsa ruwa ne da ke ɗaure a cikin ƙwayar. Idan ya ji zafin da ya kai wajen digiri 50, sai ya fara sakin ruwan nan, gishirin ya jiƙe da kansa ko da murfin a rufe yake gam. Idan kuma aka bar shi a buɗe a iska mai tsananin bushewa, sai ruwan ya fice, ƙwayoyin su yi fari fat kamar alli. Saboda haka ba a gasa shi a oben, ba a shanya shi a rana, ba a kuma barinsa a but ɗin mota. A sayi wanda babu ƙamshi a cikinsa kuma aka rubuta na wanka ne ko na magani. Akwai wanda ake sayarwa don takin shuka, wannan ba a tace shi don jikin mutum ba.

Na biyu shi ne gishirin teku mai manyan ƙwayoyi. Shi ke ba kwalbar kyan gani, yana kuma hana haɗin matsewa waje guda. Wanda yake son launin hoda ba tare da ya sa rini ba zai iya maye gurbinsa da gishirin Himalaya, wanda ake haƙowa a yankin Punjab na Pakistan. Gishirin Tekun Gishiri, wato Mataccen Teku, yana da suna, amma bai dace da rabon biki ba, domin sinadarin magniziyam kuloraid da ke cikinsa yana zuƙar danshi daga iska fiye da kima. Cikin 'yan kwanaki zai jiƙa sauran.

Na uku ɗan kaɗan ne: gishiri mai laushi, marar aidin. Aikinsa ya shanye man ƙamshin ya riƙe shi, domin manyan ƙwayoyi ba su da faɗin jikin da mai zai manne wa. Masu sayar da kayan haɗa sabulu suna da wani iri da ake kira dendiritik, wanda ƙwayarsa ke da ramuka da rassa, kuma shi ya fi riƙe ƙamshi. Idan ba a samu ba, gishirin teku mai laushi ya wadatar.

Girke-girke da yawa suna sa bekin soda don ruwan ya yi taushi a jiki. Shawararmu a bar shi idan a kwalbar gilashi mai rufuwa gam za a zuba. Bekin soda yana fitar da iskar gas idan ya haɗu da danshi da wani abu mai tsami, kuma iskar ba ta da mafita a rufaffiyar kwalba: ko murfi ya kumbura, ko gilashin ya fashe. Sitirik asid, wanda ake sawa don ruwan ya riƙa tafasa da kumfa, shi kam kada ya kusanci wannan aikin ko kaɗan.

Awo

Da sikeli ake wannan aikin, ba da kofi ba, domin kofin gishiri mai manyan ƙwayoyi da na mai laushi ba nauyinsu ɗaya ba. Ana buƙatar sikelin kicin na kilo, da ƙarami mai nuna ɗigon giram don man ƙamshi. Ga awon kilo ɗaya:

gishirin Epsom, giram 600
gishirin teku mai manyan ƙwayoyi, giram 340
gishiri mai laushi, giram 50
man ƙamshi, giram 5
polisobet 80 (sinadarin da ke baza mai cikin ruwa), giram 5
hodar maika (hodar launi ta kayan kwalliya), daga rubu'in ƙaramin cokali zuwa rabi

Giram 100 ga kowane baƙo awo ne mai kyau, kuma kwalba mai cin mililita 100 zuwa 120 za ta ɗauke shi. Kada dai a dogara da abin da aka rubuta a jikin kwalbar. A ɗora guda ɗaya a sikeli, a mayar da shi sifili, a cika ta zuwa kafaɗa, a ga nauyin da ta ci. Da wannan lambar za a yi lissafi. Misali baƙi 120 a giram 100 kilo 12 ke nan. A ƙara kashi 10 cikin ɗari saboda zubewa da abin da ke maƙalewa a kwano da kwalaben da za a ajiye na ko-ta-kwana, sai ya tashi wajen kilo 13. Wannan na nufin Epsom kilo 7.8, mai manyan ƙwayoyi kilo 4.4, mai laushi giram 650, man ƙamshi giram 65, polisobet giram 65. Man ƙamshi da mililita ake sayar da shi kuma bai kai ruwa nauyi ba, don haka giram 65 zai kai mililita 70 da ɗoriya. Kwalbar man ƙamshi ta mililita 100 ta isa har da gwaji.

Ƙamshin, inda aka fi yin kuskure

Mai da ruwa ba sa haɗuwa, kuma gishiri ba ya canza wannan. Mutane da yawa suna ɗauka cewa tun da man ya shige cikin gishirin, to zai bazu a ruwan wanka. Abin da ke faruwa shi ne gishirin ya narke, man ya taso saman ruwa ɗigo-ɗigo da cikakken ƙarfinsa, ya manne wa fatar da ta fara taɓa shi. A ruwan ɗumi kuwa raɗaɗin ya fi yawa. Wannan ne amfanin polisobet 80: wani ruwa ne mai kauri, ruwan zuma-zuma, da ke farfasa mai ya baza shi cikin ruwa. Ana fara haɗa shi da man ƙamshin daidai wa daida a ƙaramin kofin gilashi kafin su taɓa gishiri. Gwajinsa mai sauƙi ne. A zuba cokali ɗaya na gishirin da aka gama a kofin ruwan ɗumi, a motsa, a duba saman ruwan ta gefe a wurin haske. Idan ruwan ya ɗan yi hazo-hazo babu komai a sama, ya yi. Idan ana ganin idon mai yana yawo, a ninka polisobet ɗin.

Idan ba a samu polisobet ba, ana iya surka man ƙamshin da man jojoba ko man kwakwa irin wanda aka tace ba ya daskarewa. A nan sai a rage ƙamshin zuwa giram 3, a surka da giram 30 na man, duk kilo ɗaya. Rabin magani ne dai: yana rage kaifin, amma man zai ci gaba da yawo a saman ruwa, gishirin zai yi ɗan laima, kwamin wanka kuma zai yi santsi. An zaɓi waɗannan biyun ne don sun daɗe ba su canza wari ba. Man almon yana da daɗi a fata, amma a taron mutum ɗari ba a rasa wanda jikinsa ba ya ɗaukar dangin gyaɗar itace.

Giram 5 a kilo zai yi wa mai haɗawa kamar ya yi kaɗan. Bai yi ba. Kowace kwalba ta giram 100 tana ɗauke da rabin giram, wato ɗigo goma sha wani abu, kuma wannan daidai ne da wanka guda. Matsalar daga hanci take: bayan minti goma a kan kwanon haɗi, hanci ya gaji ya daina ji, sai hannu ya kai ga kwalbar turare a ƙara. Wanda ya yi shakka ya rufe haɗin, ya fita waje, gobe ya buɗe, ko ya kira wanda bai shiga ɗakin ba ya shinshina. Ko da ƙamshin mai sanyi ne, kada a wuce giram 10 a kilo.

Cikin tatattun man tsirrai, labanda shi ya fi aminci ga taron da ba a san fatar kowa ba, kuma maza da mata duk suna karɓarsa. Jeraniyam, kamomil, lubban da sandal su ma suna da sauƙi a fata. Haɗin da ke fita da kyau a giram 5 shi ne labanda 3, jeraniyam 1, lemon zaƙi 1. Wani kuma lemon zaƙi 3, lubban 2. Dangin lemo suna da daɗi ranar farko amma su suka fi saurin gudu, shi ya sa ake jingina su da mai nauyi irin lubban ko sandal. Man bagamot, wani dangin lemo, da man ɓawon lemon tsami da aka matse suna iya sa fata ta ƙone idan ta shiga rana, don haka a bar su. Kirfa, kanumfari, na'ana'a, citta da masoro ba na ruwan wanka ba ne: wasu ƙuna suke yi, na'ana'a kuma sanyi mai raɗaɗi take sawa a wuraren da fata ke da laushi.

Man wardi na asali yana da tsada ƙwarai, kuma ga kilo goma sha uku ba kowa zai iya ba. Man turare na haɗi ya halatta, muddin an rubuta cewa na shafawa a fata ne. Wanda aka yi don kyandir ko na'urar ƙamsasa ɗaki ba ya shiga nan, haka ma turaren fesawa, domin sifirit da ruwan da ke cikinsa za su narkar da gishirin. Masu sayarwa na ƙwarai suna ba da takardar da ke nuna iyakar adadin da ƙungiyar IFRA, mai sa ido kan kayan ƙamshi a duniya, ta yarda a sa a kowane irin kaya. A nemi takardar. Sai kuma a kula da duk ƙamshin da ke da banila a ciki, domin yana mayar da farin gishiri ruwan ƙasa a hankali. Amaryar da ta zaɓi fari tas ba za ta ji daɗin wannan ba.

Launi da fure

Hodar maika ta kayan kwalliya ita ce ta fi dacewa, domin busasshiya ce, ba ta kawo danshi, ba ta kuma malala daga wannan hawa zuwa wancan idan an jera launuka biyu a kwalba. A fara da kaɗan. Launi mai haske ya fi kyau a gilashi, kuma mai duhu yana barin zobe a jikin kwami, ko da yake polisobet yana rage wannan. Kalar abinci ta ruwa tana da araha, amma ruwa ce, tana dunƙula gishiri, tana kuma koɗewa a haske.

Busasshen fure yana ƙawata kwalba, amma sai ya bushe ƙayau, wanda idan aka murza shi zai farfashe. Wanda ke lanƙwasawa yana da sauran ruwa, kuma zai yi fumfuna ko ya ɓata gishirin da ke kewaye da shi. Furen kalandula mai ruwan ɗorawa ya fi kowa riƙe launi. Wardi da labanda suna dusashewa su koma ruwan ƙasa idan sun daɗe cikin gishiri mai mai. Abin da ya fi shi ne a barbaɗa ɗan tsunkule a sama bayan an cika kwalba, maimakon a cakuɗa shi da duka. A tuna kuma furen yana toshe magudanar ruwa, don haka wanda ya sa da yawa ya haɗa wa baƙi da 'yar jakar yadi mai shara-shara da za su zuba gishirin a ciki su ɗaure.

Haɗawa

A zaɓi rana busasshiya da ɗakin da ba a girki ko shanya a cikinsa. Gishirin teku yana fara zuƙar ruwa daga iska sosai idan danshin iskar ya kai wajen kashi 75 cikin ɗari, don haka a lokacin damina a rufe tagogi a kunna na'urar sanyaya ɗaki, wadda ke busar da iska. Kwalaben a wanke su kwana biyu kafin nan, a kife su su bushe sarai, har da muraffan. Ɗigon ruwa ɗaya a gindin kwalba ya isa ya curar da abin da ke cikinta. Idan gishirin teku ya zo da laima daga buhu, a baza shi a faranti a sa a oben mai zafin digiri 100 na minti 15 zuwa 20, a bar shi ya huce gaba ɗaya. Shi kaɗai ake yi wa haka, ban da Epsom, kuma kafin a sa mai.

Kwanon haɗi ya zama na gilashi ko silba marar tsatsa. Roba tana shan ƙamshi ba ta saki, cokalin katako ma haka. A sa safar hannu. Kada a haɗa fiye da kilo biyu a lokaci guda, domin a babban tuli man ba ya bazuwa daidai, sai wasu kwalaben su yi ƙarfi wasu su tashi babu komai.

A haɗa man ƙamshi da polisobet a kofi, a motsa har su zama abu ɗaya. A zuba hodar maika a ciki a dama, domin idan aka barbaɗa ta a busasshen gishiri tashi take yi sama, kuma ba ta mannewa. A juye wannan a kan gishiri mai laushi, a murza da bayan cokali har ya koma kamar jiƙaƙƙen yashi babu gudaji. Sannan a zuba gishirin teku a juya, a kawo Epsom a ƙarshe. A ci gaba da juyawa daga ƙasa zuwa sama na minti uku zuwa biyar. Alamar ya haɗu ita ce launin ya zama ɗaya ko'ina, kuma babu sheƙin mai a gindin kwanon.

Daga nan a baza shi a faranti mai shimfiɗe da takardar da ake gasa kek a kai, kaurinsa kada ya wuce yatsa biyu, ya sha iska na awa huɗu zuwa kwana ɗaya a busasshen ɗaki, ana motsa shi sau ɗaya ko biyu. Idan aka damƙa a hannu aka saki ya warwatse, ya yi. Idan ya tsaya a dunƙule, da saura. Fiye da yini guda a buɗe asarar ƙamshi ce. Wanda ya haɗa kashi-kashi kuma yake son launin ya zo ɗaya, ya juye su duka a babban bokiti mai murfi ya gauraya kafin ya fara cikawa.

Kwalba da takardar bayani

Kwalbar gilashi mai murfin murɗawa, wanda cikinsa ke da shafin roba, ita ce ta fi riƙe ƙamshi da hana danshi. Mai toshiyar ɓawon itace ta fi kyau a hoto, amma toshiyar tana numfashi, don haka sai dai a cika ta ana saura mako ɗaya ko biyu. Gwangwanin ƙarfe tsatsa yake yi, sai in an fara zuba gishirin a leda an like. Jakar takarda tana shan mai ta yi tabo, jakar raga kuma ba ta riƙe komai ita kaɗai. Idan roba za a sa, a nemi mai alamar PET a gindinta, domin tataccen man ƙamshi yana cin wasu robobin.

A cika da mazurari mai faɗin baki, a riƙa motsa bokitin lokaci-lokaci, domin ƙananan ƙwayoyi suna gangarawa ƙasa su bar manya a sama. A buga gindin kwalbar a hankali a kan tawul don ya zauna, a ƙara. Mai launi hawa-hawa a cika ta har kusa da murfi, in ba haka ba girgizar hanya za ta cakuɗa su. Kafin a rufe a goge bakin da busasshen ƙyalle, domin ƙwayar gishiri a zaren murfi tana hana shi rufuwa, tana kuma cin ƙarfen.

Bayan sunayen ango da amarya da ranar biki, akwai abin da dole ya hau takardar. Na farko, da manyan baƙaƙe: ba na ci ba ne. Gishiri mai launi a ƙaramar kwalba a kan teburin biki yana kama da alewa ko sukari, yara kuma suna wurin, ga shi Epsom yana sa gudawa. Sai jerin abin da ke ciki, har da sunan kowane mai, saboda masu borin jini. Sai yadda ake amfani da shi: a juye kwalbar a kwamin ruwan ɗumi a motsa har ya narke, ko a zuba cokali biyu zuwa uku a baho a tsoma ƙafa na minti 15, domin ba kowane baƙo ne ke da kwamin wanka ba. A ƙara cewa a kula da santsi, kada a sa a kan rauni, kuma mai juna biyu, mai ciwon suga da mai ciwon ƙoda su tambayi likita tukuna. Kada a rubuta cewa yana warkar da wata cuta. Takardar ta zama mai rufin leda ko a rataya ta da zare a wuyan kwalba, domin mai yana ɓata tawada.

Lokaci da ajiya

Ana saura mako shida zuwa takwas a yi gwaji da rabin kilo. A cika kwalba uku irin waɗanda za a raba, a ajiye ɗaya a kabad, ɗaya kusa da taga, ɗaya a banɗaki. Bayan mako biyu za su nuna ko launin yana koɗewa, ko ƙamshin yana tsayawa, ko murfin yana barin iska. Wani ya yi wanka da shi, wani ya jiƙa ƙafa. Babban haɗin kuma a yi shi ana saura mako biyu zuwa huɗu. A rufaffiyar kwalba, a wuri mai sanyi da duhu, ƙamshin yana kai wata shida, na dangin lemo bai kai haka ba.

A jera kwalaben a tsaye cikin kwali mai rabe-rabe, a jefa 'yan ƙunshin silika masu tsotse danshi a cikin kwalin, ba a cikin kwalba ba, kada wani ya juye su a ruwa. Firji ba wurin ajiyarsu ba ne, domin da an fito da su raɓa za ta kwanta a gilashin. Idan aka buɗe ana gobe biki aka ga wasu sun ɗan dunƙule amma babu ruwa, girgizawa da ƙarfi ko soka tsinken katako ya isa. Waɗanda ruwa ya taru a gindinsu ba su gyaruwa, a maye gurbinsu da na ko-ta-kwana. A wurin taron kuma teburin rabon ya kasance a inuwa, nesa da fitilu masu zafi da wurin ajiye ƙanƙara, kuma a fito da kwalayen daga mota da zarar an isa.